Shayin ulong da teburin mai shayi a Jabo: Ya kamata mai sha ya san asalin abin da yake sha

Da an idar da sallar asuba a garin Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal ta Jihar Sakkwato, babu wurin da ke saurin cika kamar teburin mai shayi. Manomin da zai wuce fadama, da ɗan kabu-kabu, da direban da zai kama hanyar Sakkwato ko Jega, da malamin makaranta, duk a benci ɗaya suke haɗuwa. Mai hali ya ce a yi masa haɗin kauri da burodi da ƙwai, wanda aljihunsa ya yi sanyi kuma ya ce, “Malam, a zubo mini ruwan bunu.”

Da yamma sai majalisun matasa su karɓa. A hura gawayi a kurfoti, a ɗora ’yar buta, a zuba koren ganye da sukari, a yi ta ɗaga hannu ana tsiyayawa daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tashi. A sha na farko mai ɗaci, a mayar da ruwa a sha na biyu, a rufe da na uku mai zaƙi. Haka abin yake a Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna da Kebbe, haka yake a yawancin garuruwan Arewa.

Sai dai a duk wannan shan, da wuya a ji wanda ya tambayi inda aka noma ganyen, ko yadda aka sarrafa shi, ko ranar da zai lalace. Mutumin da ba zai sayi buhun gero ba sai ya damƙa ya shinshina ya tambayi ƙauyen da ya fito, shi ne zai sayi ƙullin ganyen shayi a leda, babu suna babu lamba, ya kai wa iyalinsa. Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da za a fara wannan tambayar, domin a cikinta akwai lafiya, akwai kuɗi, akwai kuma darasi ga manomin ƙasar nan.

Dalilin tayar da maganar

Abu biyu ne suka sa batun ya taso. Na farko, duk mai riƙe da babbar waya ya san irin tallace-tallacen da ke yawo a Facebook da TikTok da WhatsApp na “shayin ƙasar Sin” mai narkar da tumbi da rage ƙiba da wanke ciki. Daga cikin sunayen da masu irin wannan talla ke jingina kayansu da su har da ulong. Mata da matasa na tura kuɗi ana aiko musu da fakiti, alhali yawancinsu ba su taɓa ganin ganyen ulong na gaskiya ba, balle su iya bambance shi da na bogi.

Na biyu, mafi yawan ganyen da ake sha a ƙasar nan daga waje ake shigo da shi. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, farashin duk abin da ake saye da Dala ya tashi, kuma teburin mai shayi bai tsira ba. Idan mutum zai biya kuɗi mai yawa, haƙƙinsa ne ya san abin da ya biya dominsa.

Mene ne ulong?

Baƙin shayin da ke cikin ƙullin Lipton ko Top Tea, da koren ganyen da ake dafawa a majalisa, da ulong, duk daga itaciya ɗaya suka fito, wadda masana tsirrai ke kira Camellia sinensis. Bambancinsu yana cikin abin da aka yi wa ganyen bayan an tsinke shi.

Kowa ya san idan aka ɓare goro aka bar shi a iska, launinsa zai fara sauyawa. Ganyen shayi ma haka yake: da zarar an murje shi iska ta shiga, sai ya fara yin duhu, ɗanɗanonsa na canzawa. Mai yin koren shayi yana gaggawar ɗumama ganyen domin ya tsayar da wannan sauyi tun bai fara ba. Mai yin baƙin shayi yana barinsa ya kai ƙarshe. Mai yin ulong kuwa a tsakani yake tsayawa, ya bar sauyin ya fara, sannan ya katse shi a daidai wurin da yake so. Shi ya sa ake cewa aikin ulong ya fi na sauran wuya, domin sa’a ɗaya ta sakaci na iya ɓata girbin yini guda.

Ga yadda aikin yake tafiya. Ana tsinko reshe mai ganye uku ko huɗu da suka ɗan nuna, a shanya a rana na ɗan lokaci har su yi laushi. A shigar da su inuwa, a riƙa girgiza su a faifan gora ana ajiyewa, ana sake girgizawa, yawanci har cikin dare. Girgizar na ƙuje gefen ganyen, gefen ya yi ja, tsakiyar ta zauna kore. Mai aikin da hanci yake auna lokaci. Idan ƙamshin ya kai inda yake so, sai a jefa ganyen cikin kasko mai zafi a tsayar da sauyin, a murɗe shi ko a dunƙule shi, a busar. Daga nan sai gashi, wanda a gargajiyance a kan garwashin gawayi da aka lulluɓe da toka ake yinsa.

A gashin nan ne ake samun rabuwar hanya. Kamar dai gyaɗa ce a kasko: akwai wadda aka ɗan taɓa da wuta, akwai wadda aka soya har ta yi duhu. Ulong mai gashi sama-sama ruwansa kan fito tsakanin kore da ruwan zinare. Ƙamshinsa na fure ne, da ɗan maiƙo a harshe mai kama da na madara, ga ɗan ƙamshin hatsin da aka gasa a ƙarƙashi. Ɗacinsa kaɗan ne, kuma bayan an haɗiye wani zaƙi-zaƙi kan dawo a maƙogwaro ya daɗe, duk da ba a sa sukari ba. Wanda aka gasa sosai kuwa ruwansa ja ne mai duhu, ƙamshinsa na itace da gawayi, ya fi nauyi a baki.

Yadda ake dafa shi ma ya bambanta da abin da aka saba a nan. Ba a tafasa ganyen a kan wuta. Ana zuba shi da yawa a ƙaramar buta, a kwarara ruwan da ya kusa tafasa, a tsiyaye cikin ƙasa da minti ɗaya. A sake zuba ruwa a kan ganyen nan sau biyar ko shida ko fiye, kowane zagaye da irin ɗanɗanonsa. Ba a sa madara, ba a sa sukari. Mai shan shayin majalisa a Jabo zai gane wannan tsari nan take, domin shi ma ganye ɗaya yake mayar wa ruwa sau uku, a ƙananan kofuna, cikin jama’a, ba tare da gaggawa ba.

Inda ake noma shi

Ulong na da gida, kuma gidan nan sananne ne. Cibiyarsa lardin Fujian ne, a kudu maso gabashin ƙasar Sin. A kudancin lardin akwai gundumar Anxi, mahaifar nau’in da ake kira Tieguanyin, wanda ganyensa ke zuwa a dunƙule kamar ƙananan tsakuwa, kuma shi ne mafi shahara a cikin masu gashi sama-sama. Ana girbinsa mafi kyau sau biyu a shekara, a bazararsu wajen watan Afrilu zuwa Mayu, da kakarsu wajen Oktoba, inda masana ke cewa na kaka ya fi ƙamshi. A watan Mayun 2022, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta sanya tsarin noman shayin Anxi cikin jerin muhimman tsare-tsaren noma na gado a duniya.

A arewacin lardin akwai duwatsun Wuyi, waɗanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. A can itatuwan shayi na tsirowa a tsakanin duwatsu, kuma ana gasa ganyen sosai. Daga nan Da Hong Pao ya fito, wanda tsofaffin itatuwansa na asali guda shida suka yi darajar da hukuma ta hana tsinkar ganyensu tun 2006. A maƙwabcin lardi na Guangdong akwai Dancong na tsaunin Fenghuang kusa da birnin Chaozhou. A tsibirin Taiwan kuma akwai Dong Ding na yankin Nantou, da na tsaunin Alishan da ake nomawa a tudun da ya haura mita 1,000.

Abin da ya haɗa waɗannan wurare shi ne tudu, da sanyi, da hazo, da ruwan sama mai yawa, da ƙasa mai ɗan tsami wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. A irin wannan yanayi ganye na girma a hankali, ƙamshi na taruwa a cikinsa. Don haka babu wanda zai yaudari manomin Jabo cewa ya shuka shayi. Ƙasar da damina ke yin kusan wata huɗu, zafin Afrilu kuma ke haura digiri 40, ba ƙasar shayi ba ce. Darasin da ke nan na daban ne: manomin Anxi yana sayar da ganye tare da sunan garinsu, kuma sunan nan yana ƙara wa ganyen kuɗi. Mai saye a Turai ko Japan yana tambayar tsauni da lokacin girbi da irin gashin, ya biya gwargwadon amsar da ya samu.

Yadda ganyen Sin ya iso ƙasar Hausa

Alaƙar Bahaushe da ganyen ƙasar Sin ta daɗe, har ta shiga harshe. Kalmar “shayi” ta zo ta hanyar Larabci, kuma asalinta kalmar “cha” ce ta Sinawa, wadda ta bi hanyoyin fatake na tudu. Kalmar “ti” kuwa ta zo ta bakin Turawan Ingila, su kuma sun same ta daga ’yan kasuwar Holan, waɗanda suka ji ta a bakin mutanen gaɓar tekun Fujian da ke cewa “te”. Ke nan duk wanda ya ce a ba shi ti a Jabo, kalmar mutanen lardin ulong yake faɗa bai sani ba.

Shi koren shayin majalisa ta Maroko ya biyo. Ya bazu a can a ƙarni na 19, ya ratsa Sahara tare da ayarin Larabawa da Buzaye, ya zama abin karɓar baƙo daga Muritaniya da Senegal har Agadas da Tawa, daga nan ya gangaro Sakkwato. Har gobe Maroko ce kan gaba a cikin ƙasashen da ke sayen koren shayin Sin, kuma ƙasashen Afirka ta Yamma na cikin manyan kasuwanninsa. Lambobin da ake gani a jikin kwalayen, irin su 3505 da 9371 da 41022, alamomin nau’i da daraja ne da masu fitar da ganyen ke amfani da su. Na farkon na ganyen nan ne mai dunƙule kamar harsashi, wanda lardin Zhejiang ya shahara da shi, sauran biyun kuma na siririn ganye ne mai lanƙwasa. Masu saye da yawa sun haddace lambar, amma ba su san abin da take nufi ba.

Baƙin shayin ma tarihinsa na komawa can. Tsakanin 1848 da 1851 wani Bature ɗan Sikotlan mai suna Robert Fortune ya kwashi iri da tsirrai da ƙwararrun ma’aikata daga ƙasar Sin ya kai Indiya, bisa aikin kamfanin Ingila da ke mulkin Indiya a lokacin. A 1903 aka fara shuka shayi a Limuru ta ƙasar Kenya. Yau Sin ce ta ɗaya a noman shayi a duniya, Indiya na biye, sai Kenya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da baƙin shayi, kuma kasuwar gwanjonsa ta Mombasa na cikin mafi girma a duniya.

Kura da shan bugu

Mutanen Sakkwato sun fi kowa sanin abin da ake rasawa idan suna ya ɓace. Fatar jar akuyar Sakkwato na cikin fatu mafi kyau a duniya. Shekaru aru-aru ana jeme ta a ƙasar Hausa, raƙuma na ɗaukarta su ratsa hamada, amma da ta isa Turai sai aka san ta da sunan fatar Maroko, saboda ta tashoshin can ta fita. Makiyayi da majemi suka yi wahala, wasu suka ɗauki suna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wasu ƙasashe sun gane wannan, suka yi doka mai kare sunan wurin da kaya suka fito. A 2004 Indiya ta yi wa shayin Darjeeling rajista, ta yadda ba wanda zai kira ganyensa da wannan suna sai wanda ya noma shi a tsaunukan yankin. A 2013 ƙungiyar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka 17, ta yi wa barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru irin wannan rajista. Maƙwabciya Jamhuriyar Nijar ta bi sahu, ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar. Galmin nan kuwa ba ta da nisa da Birnin Ƙonni, wato tsallaken iyakar Illela.

A wannan ɓangaren iyaka fa? Albasar da ake nomawa a fadamun kudancin Sakkwato da Aliero ta Jihar Kebbi tana cika manyan motoci zuwa Legas da Anacha da Fatakwal, har ƙasashen waje, amma a buhu marar suna take tafiya. Dillali ya san inda mai kyau take, mai saye na ƙarshe bai sani ba, don haka ƙarin kuɗin da inganci ke jawowa a hannun dillali yake tsayawa. Najeriya ba ta cikin OAPI, kuma ta daɗe ba ta da doka ta musamman da za ta kare sunayen irin waɗannan kayayyaki.

Mambila na nan

Abin da mashaya shayi da yawa a Arewa maso Yamma ba su sani ba shi ne Najeriya na da gonakin shayi nata. A tsaunin Mambila, cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, inda tudu ya kai kusan mita 1,600, akwai sanyi da hazo da ruwan sama irin wanda itaciyar ke so. Tun shekarun 1970 ake noman shayi na kasuwanci a Kakara, inda ake yin Highland Tea. Cibiyar Binciken Koko ta Najeriya da ke Ibadan, wadda shayi ke cikin amfanin gonar da aka ɗora mata bincike a kansu, tana da reshe a Kusuku a kan tsaunin.

Tudun Mambila ya kai na wuraren da Taiwan ke alfahari da su. Amma abin da ake samarwa bai kai ko kusa da buƙatar ƙasar ba, hanyar hawa tsaunin zuwa Gembu na da wahala, kuma kusan duk ƙarfin ya tafi ga baƙin shayi na ƙulli. Kenya ta kai inda ta kai ne saboda tun 1964 ta kafa hukumar da ta tsara ƙananan manoma, ta haɗa su da masana’antu, har yau manoma sama da rabin miliyan ke cin abinci a ƙarƙashin tsarin. Itaciyar da ke Kakara dangin wadda ke Anxi ce. Ko da irin da ake da shi ya fi dacewa da baƙin shayi, babu abin da zai hana masu bincike gwada wasu irin, da koyon sarrafa kore da ulong, tunda kasuwar koren shayi tana nan a kowace majalisa daga Sakkwato zuwa Maiduguri.

Ga masu cewa wannan maganar masu ƙoshi ce

Akwai wanda zai ce mutumin da ke fama da tsadar taki da matsalar tsaro ina ruwansa da ƙamshin fure a kofin shayi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ulong mai kyau yana da tsada, kuma babu mai cewa mai shayin Jabo ya ajiye ganyen da ya saba ya koma kansa. Leburan da ya sha haɗin kauri da safe ƙarfin aiki yake nema, kuma sau da yawa wannan kofin da burodi shi ne abincinsa har azahar.

Amma talaka ne ya fi kowa cutuwa da kayan da ba a san asalinsu ba. Mai kuɗi yana saye a babban kanti, a kwali mai hatimi. Talaka ne ke sayen ganyen da aka juye daga buhu aka ƙulla a leda, wanda ba a san ko ya sha damshi a sito ba, ko wa’adinsa ya wuce, ko an gauraya shi da wani abu. Kuma ’yarsa ko matarsa ce ke tara kuɗin adashi ta tura wa mai tallan “shayin rage ƙiba”. Ya kamata a faɗa a fili: ulong abin sha ne, ba magani ba ne. Ba ya narkar da tumbi cikin mako biyu. Idan wani shayi ya sa mutum zawo da yawan fitsari har ya ga kamar ya rame, to alama ce an haɗa shi da ganye ko sinadari mai sa gudawa, ruwan jikinsa ne ya zube, kuma yawan yin haka na iya cutar da hanji da ƙoda.

Sai batun sukari, wanda shi ne babban abin da labarin ulong ke tunatarwa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincinsa, wato kusan giram 50 ko ƙaramin cokali 12, kuma zai fi kyau a tsaya a rabin haka. Duk wanda ya tsaya ya ƙirga cokulan da ke shiga kofi ɗaya na haɗin kauri, ya ƙara da zagaye uku na majalisa, ya ƙara da lemon kwalba, zai ga yadda ake tsallake wannan iyaka kafin la’asar. Ciwon sukari da hawan jini kuwa sun daina zama cutar mutanen birni kaɗai. Dalili ɗaya da ke sa a cika sukari shi ne ganyen da aka tafasa ya yi ta ɓararraka har ɗacinsa ya fita duka. Ganye mai kyau da aka jiƙa na ɗan lokaci ba ya buƙatar sukari mai yawa. Wannan darasi kyauta ne, kuma yana aiki a kan ganyen da ke hannu yanzu.

Akwai kuma abin da mata masu juna biyu da masu ƙarancin jini ya kamata su sani: shan shayi mai ƙarfi tare da abinci yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Gara a bar tazarar kamar sa’a ɗaya tsakanin cin abinci da shan shayi, a kuma rage yawansa lokacin goyon ciki.

Abin da ya kamata a yi

Hukumar NAFDAC ta ƙara sa ido a kan ganyen da ake juyewa a sake ƙullawa a manyan kasuwanni, da kuma masu tallan shayin magani a intanet. Dokar da ta hana tallata kaya da iƙirarin warkarwa ba tare da izini ba ta shafi mai talla a waya kamar yadda ta shafi mai talla a rediyo.

Masu shigo da ganye su rubuta ƙasar da ya fito da nau’insa da ranar ƙarewar wa’adinsa a yadda mai saye zai gane. Kwalin da aka yi domin kasuwar ƙasar Hausa babu dalilin da zai hana a yi masa bayani da Hausa, ko da boko ko da ajami.

Ƙungiyoyin masu shayi, waɗanda ke da shugabanni a kusan kowane babban gari, su haɗa kai su riƙa saye daga hannun dillalan da aka sani, su kuma saba tambayar mai sha yawan sukarin da yake so kafin a zuba. Ma’aikatan lafiya na matakin farko a Tambuwal da Kebbe su ɗauki teburin mai shayi a matsayin wurin wayar da kai, domin a can ake samun mazan da ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya kwantar da su.

Gwamnatin Tarayya da ta Taraba su mayar da hankali kan hanyar Mambila da bincike da tsara ƙananan manoma. ’Yan majalisar da ke wakiltar Kebbe da Tambuwal da sauran yankunan noma su tsaya a kan samar da doka mai aiki da za ta kare sunan asalin kaya, domin albasar Sakkwato da fatar jar akuya da kilishi da shayin Mambila su shiga kasuwa da sunansu.

Shi kuma mai sha, nasa aikin ya fi sauƙi. Ya juya kwali ya duba lambar NAFDAC da ranar wa’adi. Ya buɗe ganyen ya shinshina kamar yadda yake yi wa gero, idan ya ji warin damshi ya ajiye. Ya rage cokali ɗaya na sukari a wannan makon, ya ƙara rage wani a mako mai zuwa. Idan an tallata masa ulong, ya tambayi lardin da ya fito da irin gashinsa, idan mai tallan ya kasa amsawa ya riƙe kuɗinsa.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Mayu ta kowace shekara a matsayin Ranar Shayi ta Duniya, saboda miliyoyin ƙananan manoma da ma’aikatan da ke rayuwa a kansa. Mai shayin Jabo da ke tashi tun kafin kiran assalatu ya hura wuta yana cikin wannan jerin, haka ma manomin Kakara. Sun cancanci a ba sana’arsu muhimmanci, masu shan shayinsu kuma sun cancanci sanin abin da ake zuba musu. Allah Ya sa masu iko su ji, Ya kuma ba kowa lafiyar cin abin da ya nema.